Labarin da Tsoho Ya Ƙi Bayarwa a Kano

Sunansa na yanka Aƙilu, sunan mahaifina, shi ya sa babu mai kiransa da shi a gidanmu. Tsoho muke ce masa. An haife shi a Gwangwan cikin daminar 1968, lokacin ina koyarwa a firamaren garin, kafin in tafi jami'a a Zariya. Ya rasu a Karaye a bazarar 1996. Ni ne mahaifinsa, Ƙasimu. Abin da na gani da idona zan ce na gani. Abin da aka faɗa mini kuma zan ambaci wanda ya faɗa.

Ba yaro ba ne mai saurin baki. Idan aka tambaye shi abu sai ya yi shiru har mai tambayar ya ɗauka bai ji ba, sannan ya amsa. Yana son rake fiye da kima, kuma bai iya ƙwallo ba ko kaɗan, kullum gola ake sa shi don kada ya ɓata wasa. Yana aji biyar ya kwance rediyona. Mutane suna son a ce daga nan aka gane baiwarsa, amma gaskiyar ita ce rediyon bai sake magana ba. Abin da na lura da shi dai, ya jera kusoshin a kan faranti bi da bi, yadda ya ciro su. Haka ya ci gaba da yi har ƙarshen rayuwarsa.

Ya yi makarantar koyon sana'a, ya yi difloma a kan kayan lantarki a Kano, sannan ya ƙara da kwas na kwamfuta, a lokacin da yawancinmu ba mu taɓa ganin ta ba sai a hoto.

Da ya gama, sai na kai shi wurin Malam Ɗayyabu. Tare muka yi kwalejin horon malamai da shi, ɗaki ɗaya, kuma shi ya riƙe mini ragon sunan Tsoho aka yanka. A lokacin shi ne manajan wata haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoma da ta haɗa ƙauyukan Karaye da Rogo. Wasu masu ba da agaji sun ba ƙungiyar kwamfuta guda da janareto a 1992, babu wanda ya iya taɓa ta. Na riƙo hannun Tsoho na sa a nasa, na ce, "Ga ɗanka nan." Ya ce, "Ai ba sai ka faɗa ba." Tun daga ranar Tsoho yake ce masa Baba Ɗayyabu, yana durƙusa masa kamar yadda yake yi mini.

An ware wa na'urar ɗaki, an lulluɓe ta da farin ƙyalle, kuma mutane da kansu suke cire takalmi kafin su shiga, ba wanda ya umarce su. Aikin Tsoho shi ne ya shigar da sunan kowane manomi da ƙauyensu da girman gonarsa, domin da haka za a riƙa rabon takin zamani. Da ya kammala, Malam Ɗayyabu ya sa aka kwashe tsofaffin takardun da gara ta fara ci aka ƙone, ya ce zamani ya wuce su.

Gab da faɗuwar daminar 1993 sai sunayen suka ɓace daga na'urar, gaba ɗaya. Aka kira taron wakilan ƙauyuka, ina wurin. Malam Ɗayyabu ya miƙe ya ce, "Jama'a, yaro ne, kuma kuskure ne. A yi masa afuwa saboda ni." Tsoho yana zaune ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Kowa ya yaba wa manaja da ya tsaya wa yaronsa. Ni ma na je har gida na yi masa godiya.

Tsoho ya ari babur ya shiga ƙauyuka, Kwanyawa, Rogo Ruma, Gwangwan, har rugagen da mota ba ta zuwa. Yakan zauna da mai unguwa da limami su kira manoma ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi gonarsa maƙwabcinsa ya shaida. Haka ya sake haɗa sunayen. Amma taki ya makara a shekarar, masarar mutane da yawa ta yi ɗorawa-ɗorawa kafin ya iso. Daga nan aka laƙaba masa suna. Idan ya ratsa kasuwar Karaye sai ka ji an ce, "Ga mai cinye suna nan, kowa ya riƙe nasa!" Yakan yi murmushi ya wuce.

A shekara ta gaba abokinsa Sanusi ya zo da labari. Tare suka yi difloma, shi kuma ya samu aiki a wani kamfani a Kano da ke haɗa wa bankuna kwamfutoci yana kula da su. Kamfanin na neman ƙarin ma'aikaci. Tsoho ya je ya yi gwajin hannu, aka ba su matacciyar na'ura kowa ya tayar, ya fito cikin ukun da za a yi wa intabiyu. Ya riga ya yi aure a lokacin, matarsa Laure tana da ciki. Wannan aikin yake so, kuma ban taɓa ganin ya so wani abu a fili haka ba.

Sanusi ya gargaɗe shi. Ya ce, "Mutanen nan ba sa tambayar abin da ka karanta, sun riga sun ga hannunka. Labari suke so. Za su ce, ba mu labarin wata rana da abu ya cije maka. Ba mu labarin wata rana da kuka saɓa da wani a wurin aiki. Ba mu labarin kuskuren da ka taɓa yi. Ka faɗi halin da ake ciki, da abin da aka ɗora maka, da abin da ka yi kai da kanka, da yadda aka ƙare. In ka tsaya kewaye-kewaye sun gama da kai."

Abu na biyu, kamfanin yana so ya ji ta bakin shugaban kowane mai nema. Babu tarho a ofishin ƙungiyar. Da Malam Ɗayyabu ya ji, sai ya ce, "Da ƙafata zan je in yi wa ɗana shaida." Ya tafi kuwa, tun kafin ranar intabiyun, ya dawo ya ce komai lafiya. Yayata Barira, wadda yara ke ce wa Gwaggo, ta dafa masa zabi ta aika.

Sai muka shiga gwaji a zaure, kullum bayan la'asar. Ni ne kamfani, shi mai neman aiki. Gwaggo kan jawo tabarmarta bakin ƙofar da ke shiga cikin gida tana ɓarar gyaɗa, wai ita ba ruwanta.

Na ce, "Ba ni labarin wata rana da aiki ya cije ka warware shi."

 Ya ce, "Akwai ranar da ɓera ya cinye wayar da ta haɗa na'ura da firinta, ga shi washegari za a yi rabo. To, Allah ya taimake mu, muka samu..."

"Ku wa?"

"Ni da Baba Ɗayyabu."

"Shi me ya yi?"

"Yana ofis."

Gwaggo ta ce, "Yana ofis yana tauna goro! Haba Babana, in aka ce wa ya cinye raken da na ɓoye a bayan tulu, ai ka san 'ni' ke nan ba 'mu' ba." Babana take ce masa saboda sunan da ya ci.

Ya yi dariya, amma da muka sake, "muka" ya sake cewa. Ba taurin kai ba ne. Mu muka tarbiyyantar da shi a kan haka. Yaro a wurinmu ba ya cewa ni na yi a gaban manya, nasara ta Allah ce sannan ta maigida. Yanzu kuma ga shi ana so ya zauna gaban baƙi ya yi ta ambaton kansa.

Gwaggo ma abin bai kwanta mata ba. Ta ce, "Ƙasimu, wane irin aiki ne wannan da sai mutum ya wasa kansa? Ku ɗaukar masa maroƙi mana ku tafi da shi Kano, ya tsaya a bayansa yana yi masa kirari, shi ya yi shirunsa."

Abin da ya warware mana shi ne da na ce masa, "Kada ka ɗauka yabon kai kake yi. Ka ɗauka gaban alƙali kake, an kira ka shaida. Shaida ba ya cewa mun gani. Abin da ya gani yake faɗa, ba ƙari ba ragi." Ya jinjina kai. Daga ranar bakinsa ya buɗe. Ya ba da labarin ɓeran nan tiryan-tiryan, yadda ya fere wayar ya bi launi-launi ya haɗa ta da dalma. Ya ba da na wani dattijo daga Rogo Ruma da ya zo da sanda yana rantsuwa an rage masa gona a cikin na'ura, yadda ya zaunar da shi ya ba shi ruwa, ya juyo masa da fuskar na'urar ya nuna masa sunansa, suka rabu dattijon yana sa masa albarka. Har Gwaggo ta daina ɓarar gyaɗa tana saurare.

Saura tambayar kuskure. Ranar da muka zo kanta Gwaggo ta shiga cikin gida. Tsoho ya ce zai ba da labarin ranar da ya jona firinta kai-tsaye da janareto ba tare da na'urar daidaita wuta ba, ta ƙone, ya kwana biyu yana gyaran ta.

Na ce, "Wannan ƙarami ne. Ga babban labari a hannunka. Sunaye sun ɓace, ka hau babur ka zagaye ƙasar nan ka dawo da su. Ka yi kuskure, ka amsa, ka gyara. Ai irin wannan suke nema."

 Sai ya ce, "Baba, ranar da sunayen suka ɓace ina Kano."

Ga abin da ya faɗa mini. Ya daɗe yana roƙon a sayo ƙarin faya-fayan da zai kwafe sunayen a ciki saboda tsaro, sai ranar aka ba shi izini, ya tafi sayowa. Yana can, sai masu agajin da suka ba da na'urar suka iso ba sanarwa, suna son ganin yadda take aiki. Malam Ɗayyabu bai so baƙi su ga manaja bai iya ba. Ya sha ganin Tsoho yana buga wani umarni idan zai wanke faifai kafin amfani, ya kuma haddace shi ba tare da sanin aikinsa ba. Shi ya buga, a kan rumbun na'urar inda sunayen suke. Da ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Baƙin suna shan lemo suna hira da wakilai, ba su lura ba.

Tsoho ya ce, "Na dawo na same shi shi kaɗai a ɗakin, gumi ya jiƙa masa riga. Ya rufe ƙofa. Ya cire hularsa ya ajiye a gaban ƙafata, ya ce, Tsoho, ka rufa mini asiri, saura mini 'yan shekaru in yi ritaya, kai yaro ne za a manta. Na ɗauki hular na miƙa masa. Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. A wurin taro ma ban ce ni na yi ba. Shiru kawai na yi."

Na ce masa, "In sun tambaye ka, ka faɗi gaskiya."

Ya ce, "Ina za su sani har su tambaya? In ma sun tambaya, Baba, mutumin nan sa'anka ne, kuma kansa ba hula na gan shi." Ya roƙe ni kada in yi maganar da kowa.

Ban shiga ɗakin intabiyun ba. Abin da zan faɗa daga bakin Tsoho ne, Sanusi kuma ya tabbatar da shi daga abin da ya ji a ofis. Mutum uku ne, maza biyu da mace ɗaya, ita ce shugabar ma'aikata. Da Turanci aka yi. Da farko komai ya tafi daidai. Sun yi dariya a labarin dattijo mai sanda, ɗayansu ya tsaya yana tambayar yadda ya gane launin wayoyin. Sai matar ta ce, "Ba mu labarin kuskure mafi girma da ka taɓa yi a wurin aiki."

Ya ba su na firinta. Da ya gama sai ya ga sun kalli juna.

Ta ce, "Babu wanda ya fi wannan?"

Ya ce, "A cikin nawa, wannan ne babba."

Ta ce, "Manajanka ya zauna a kujerar nan da kake kai. Ya gaya mana maganar sunayen manoma."

Tsoho ya ce mini a lokacin sai ya ji ƙarar fankar ɗakin ta cika masa kunne. Sannan ya ce musu, "Sunaye sun ɓace, gaskiya ne. Ni na sake tattara su, kuma zan iya faɗa muku yadda na yi. Amma yadda suka ɓace, ina roƙo a bar ni kada in yi magana a kai."

Ɗaya daga cikin mazan ya ce, "Tambayar mai sauƙi ce. Kai ka share su ko ba kai ba?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a sake tambayar wanda ya ba ku labarin."

Matar ta ajiye alƙalaminta. Ta ce, cikin natsuwa, babu ɗaya daga cikinsu da bai taɓa share abin da bai kamata ba, kuma ba sa ƙin mutum don ya yi kuskure. Amma aikinsu a cikin bayanan bankuna ne, ba za su iya ɗaukar wanda zai ɓoye musu ɓarna ba idan ta auku. Suka yi masa godiya.

Ban ga laifinsu ba, a da ko a yanzu. Da abin da aka ba su suka yi hukunci.

Ranar Asabar Sanusi ya zo Karaye ransa a ɓace. Shi ya faɗa mana kalmomin Malam Ɗayyabu kamar yadda ya ji su daga sakatariyar da ta zauna a ganawar: yaro ne mai ladabi, amma hannunsa da ganganci, ya taɓa share sunayen manoman ƙasa guda, kuma ba ya son a tuna masa. Babu wanda ya tambaye shi wannan. Shi ya kawo maganar da kansa.

A nan dole Tsoho ya faɗa wa Sanusi da Gwaggo abin da ya faɗa mini. Gwaggo ta miƙe tsaye tana ɗaura ɗankwali. "Zabina! Zabina ya ci ya je ya yanka mini uba! Tashi, Babana, koma Kano yanzun nan ka gaya musu. Wace hula? Wanda ya cire hula ya mayar ai ya gama da kai."

Tsoho ya ce, "Gwaggo, in na koma yanzu me za su gani? Yaron da ya rasa aiki ya dawo yana ɗora wa maigidansa laifi. Wa ya gani? Mu biyu ne a ɗakin."

Sanusi ya ce gaskiya ne. Amma ya ce ba a riga an cike gurbin ba, kuma matar ta nuna hannun Tsoho ya fi na sauran biyun. Idan manajan ya koma da kansa ya gyara maganarsa, za su sake dubawa. Maganar kuma ba za ta fita daga ofishinsu ba, babu ruwansu da ƙungiyar manoma.

Na je na sami Malam Ɗayyabu a ƙofar gidansa da hantsi. Muka gaisa kamar kullum, na tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya tambayi nawa. Ya sa aka kawo kunu. Ban sha ba.

Na ce, "Malam, Tsoho ya faɗa mini maganar hula."

Bai musa ba. Ya gyara zama ya ce, "Ƙasimu, abin da duk gari ya sani na faɗa. Da ban faɗa ba su ji a wani wuri, ai sai su ce na yi musu ƙarya."

"Duk gari daga bakinka ya sani."

 Sai ya sassauta murya. "In ya tafi, wa zai taɓa na'urar nan? Ka san ni ko kunna ta ban iya ba. Wata guda ba za a yi ba kowa zai gane. Ya daure mini har in yi ritaya, ni da kaina zan nema masa wanda ya fi wannan. Kano ma me ke cikinta? Lalata yara kawai take yi. Ga matarsa da ciki."

Na ce, "Ba na neman ka tsaya gaban manoma. Mutum uku ne a Kano, ba su san kowa a nan ba. Ka je ka ce musu ba shi ba ne. Ko sunanka ba sai ka ambata ba."

Ya ce, "In sha Allahu. Bari Litinin ta zo."

Litinin ta zo, ya ce ana biki a gidan surukansa. Ta gaba ya ce ƙafa ta kumbura. Ta bayanta na je da kuɗin mota a hannuna na ce mu tafi tare, aka ce mini ya wuce Rogo tun da asuba. Ana cikin haka Sanusi ya aiko cewa an ɗauki wani.

Tsoho ya ci gaba da zuwa aiki. Na so ya bari, ya ce in ya bari a tsakiyar rabo manoma ne za su sha wuya, kuma za a ce ga shi ya sake yi musu ɓarna. Bai daina durƙusa wa mutumin ba. Abu biyu ne suka canza. Ya daina ce masa Baba, ya koma Manaja. Kuma idan aka aiko da abinci daga gidansa zuwa ofis, sai ya ce yana azumi, ya fita baya ya sayi rogo da ƙuli ya ci.

Ya sake neman aiki sau biyu. Duk inda ya je sai an ce ya kawo shaidar shugabansa, sai ya janye. Ya buɗe 'yar rumfar gyaran rediyo da talabijin a bakin tasha, yana zama da yamma. Laure ta haifi 'ya mace aka sa mata A'isha. Yakan ɗora ta a cinya yana gyara, ya ba ta murfin batir ta riƙe. Ban ƙara jin ya ambaci Kano ba, sai rana ɗaya da muke dawowa daga gona. Ba tare da na tambaye shi ba ya ce, "Baba, da sun bar ni na ba su labarin babur ɗin nan, da sun ji daɗinsa." Ya yi 'yar dariya. Shi ke nan.

A bazarar 1996 sanƙarau ya shigo ƙasarmu. Tsoho ya dawo daga ofis da ciwon kai ranar Laraba, ya ce rana ce. Washegari wuyansa ya ƙi juyawa. Mun kai shi asibiti, an yi abin da za a iya. Ranar Juma'a muka binne shi.

A ranar addu'ar uku zauren ya cika har waje. Manoma sun zo daga ƙauyukan da ya zagaya, har da dattijon nan na Rogo Ruma. Malam Ɗayyabu ya iso da babbar riga, ya yi addu'a mai tsawo, ya ce yaro ne mai haƙuri, bai taɓa ɗaga masa murya ba. Mutane suka ce haka ne. Da aka shafa, ya matso kusa da ni har gwiwarmu ta haɗu, ya rage murya.

Ya ce, "Ƙasimu, ka yi haƙuri da kawo wannan a irin wannan rana. Na'urar nan, ya sa mata wata kalma da sai an buga take buɗewa. Damina ta kusa, ga taki yana hanya. Bai faɗa maka ba? Ko Laure?"

Ban sani ba, kuma daga baya na tabbatar Laure ma ba ta sani ba. Amma ba wannan na ce masa ba. Na ce, da muryar da na kusa da mu za su ji, "Malam Ɗayyabu, ga mutanen da takinsu ya makara a shekarar nan, yawancinsu suna zauren nan. Tsoho ba zai ƙara neman aiki ba, babu abin da ya rage masa sai sunansa. Ka faɗa musu inda Tsoho yake ranar da sunayensu suka ɓace."

 Ya dube ni, ya dubi mutane. Na ga leɓensa yana motsi, na ɗauka zai faɗa.

Sai ya juya ga liman ya ce, "Zafin rashi ne. Allah ya ba shi dangana." Jama'a suka ce amin, da tausayi, suna kallona. Ya miƙe ya nemi takalmansa a bakin ƙofa ya tafi.

Na faɗi sauran labarin da bakina a wurin, duka. An saurare ni cikin ladabi. Wasu sun yarda. Da yawa sun ɗauka uba ne yake kare ɗansa da ya mutu, kuma ba ni da shaida.

An ɗauko wani daga Kano ya buɗe na'urar, amma sai da ruwa ya zauna. Taki ya sake makara a shekarar. Ina tsaye a kasuwar Karaye ina sayen gishiri na ji wani manomi, bai san ni ba, yana ce wa abokinsa, "Ai tun da yaron nan mai cinye suna ya lalata na'urar nan ba ta ƙara komawa daidai ba. Allah dai ya jiƙansa."

Abokin ya ce amin.